Tarihin Gasar Wasanni Tsakanin Makarantu, Daga Bakin Iyakar Illo Zuwa Ikko

Wasa dai tsohon abu ne a ƙasarmu. Tun kafin a san allon bango da alli, samarin garuruwan bakin Kwara suna kokawa da kaka, idan an kai amfanin gona gida. Yara suna langa da farin wata, Fulani suna sharo, masunta kuma suna tseren kwalekwale. Amma wannan wasa ba shi da littafi. Wanda ya yi kaye, maroƙi da makaɗi su ne ke riƙe da sunansa, ran da suka mutu kuwa sunan ya bi su. Abin da ya zo sabo shi ne gasa irin ta makaranta, wadda ake auna fili da igiya, a duba agogo, a rubuta sunan yaro da na makarantarsa, sa'an nan a ba da kofi ko garkuwa wadda za a riƙe shekara guda a mayar. Labarin wannan gasa za mu bayar, da makarantun da suka shiga cikinta, da yadda ta iske mutanen ƙasar Bagudo.

Sai mu fara da ƙasar kanta, don wanda bai san ta ba. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, a kudu maso yammacin Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta ya raba ta biyu. Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya duk suna ƙetaren kogi, wajen da ke kallon ƙasar da a dā ake kira Dahomi, wadda ta sake suna ta koma Benin a 1975. Akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa da Busawa, kuma kusan kowace kabila daga cikinsu tana da dangi a wancan gefen iyaka. Illo tsohon zango ne na fatake masu zuwa Gwanja neman goro.

Ita iyakar, a birnin Faris aka yanka ta. Ran 14 ga watan Yuni 1898 Ingilishi da Faransai suka sa hannu a takardar raba ƙasar Bargu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka ce layin zai taɓa Kwara mil 10 sama da Giris, watau mashigin Illo. Daga baya Turawa suka cire Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu, cikin Lardin Sakkwato. Mai karatu ya riƙe wannan, gama duk labarin da ke tafe a kansa ya rataya. Ba a taɓa shirya gasar makarantu bisa kusanci ko dangantaka ba. Taswirar mulki ake bi. Inda haraji ya nufa, nan ɗan makaranta ke nufa da gudunsa.

Makarantar boko ta gwamnati ta fara tsayuwa sosai a Arewa a 1909, lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantun Nasarawa a Kano. Daga nan aka yi ta kafa makarantun lardi da na elementare a manyan garuruwa. Gasar farko da yaran waɗannan makarantu suka sani ita ce ta Ranar Daular Ingila, ran 24 ga watan Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. A wannan rana akan fito da yara su yi maci gaban Razdan ko Di'o da Sarki, a ɗaga tuta, sa'an nan a shiga wasanni: gudun yadi 100, dogon tsalle, tsallen sanda, jan igiya, da na ban dariya kamar gudu cikin buhu. A ƙarshe a raba 'yan kyaututtuka, a ci abinci. A 1958 aka sake wa ranar suna, ba da daɗewa ba kuma samun mulkin kai ya shafe ta, Ranar Yara ta 27 ga Mayu ta gaje filinta.

Amma inda wasa ya zama doka, ya shiga cikin tsarin karatu kamar lissafi, shi ne Kwalejin Katsina. An fara ɗaukar ɗalibai a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, don koyar da malamai waɗanda za su koma lardunansu. An raba ɗalibai gida gida, akwai Gabas da Yamma da Kudu da Arewa da Hankaka da Illela, kowane gida da shugabansa. Da la'asar sai fili: tamaula, hoki, kurket, guje-guje, gida yana karawa da gida. Turawan da ke koyarwa sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila, inda aka gaskata cewa a filin wasa ake koyon biyayya ga shugaba, da haƙuri idan an sha kaye, da riƙe kai idan an yi nasara. Ko an yarda da wannan ra'ayi ko ba a yarda ba, shi suka shuka, kuma ya tsiro. Kowane malami da ya fita Katsina ya tafi da tsarin gidaje da gasar gida da gida zuwa makarantar da aka tura shi. Har wa yau shi ne tushen abin da ake yi kowace shekara a makarantun sakandare.

A nan ya kamata mu ɗan dakata kan wani wasa guda, domin ƙasar Gwandu tana da rabo babba cikinsa. Shi ne ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda yara suka ƙago shi a jikin bangon ɗakin ibadarsu. Ɗakin wasan bango uku gare shi, gaba da dama da hagu, baya a buɗe. A tsakiya akwai 'yar matakala wadda ta raba ƙasan biyu, a bangon hagu kuma akwai wani ƙusumbin gini da ya turo kai, wanda idan ƙwallo ta bugi gefensa ba mai sanin inda za ta nufa. Mutum biyu ke karawa da biyu, da tafin hannu ake bugu. Wani Baturen makaranta, Mista Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina cikin shekarun 1920, shi ake danganta wa kawo wasan. Shi ne kuma ya rubuta littafin tarihin masarautun Arewa da aka buga a 1930. To, ƙwallon da ake wasan da ita a Ingila ƙarama ce mai tauri, ginin nan kuwa na ƙasa ne, sai ta riƙa ɓantare bango. Saboda haka aka koma ga ƙwallon tanis, kuma da ita aka zauna ko bayan da aka soma gina ɗakunan da siminti.

Wannan wasa ya kama a Arewa fiye da yadda mai kawo shi ya yi zato. Dalili a fili yake. Ba ya bukatar fili mai faɗi, ba ya bukatar takalmi ko sanda, magini na gari yana iya tā da ɗakinsa, kuma dattijo mai dabara yana iya kā da saurayi mai ƙarfi. Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a kansa. Da ya gama ya koma Sakkwato ya koyar a Midil har 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Rabah. Bai bar wasan ba ko da ya zama Firimiyan Jihar Arewa, har ya ba shi wuri cikin littafin tarihin rayuwarsa na 1962. Sunansa ne a kan Kofin Sardauna, wanda 'yan wasan jihohin Arewa ke nema. A Ingila wasan ya tsaya galibi a 'yan makarantun masu hali, a Birnin Kebbi da Katsina da Sakkwato kuwa ya fita daga makaranta ya shiga gari.

Mu koma ga guje-guje. A 1929 aka haɗa Ma'aikatar Ilmi ta Arewa da ta Kudu ƙarƙashin shugaba ɗaya, Mista Hussey, wanda ya yi aiki a Sudan da Uganda kafin ya zo. Shi kansa ɗan wasa ne, ya yi wa Ingila gudun tsallake shinge a wasannin Olimfik na London a 1908. A zamaninsa aka sake tsarin makarantu, makarantun lardi suka koma Midil wajen 1930. A 1933 kuma aka fara gasar garkuwar da ke ɗauke da sunansa, Garkuwar Hussey, inda zaɓaɓɓun 'yan makarantun Arewa ke karawa da na Kudu. Kudu tana da nata kofunan na share fage, Kofin Grier a yamma da Garkuwar Fisher a gabas. Daga irin wannan gasa ta makarantu aka sami Emmanuel Ifeajuna, tsohon ɗalibin wata sakandare ta Anaca, wanda ya tsallake ƙafa 6 da inci 8 a Bankuba ta Kanada a 1954, ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya ta farko a wasannin ƙasashen Daular Ingila.

Makarantun da ke cikin wannan zagaye a Arewa ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu. Kusan kowane lardi Midil ɗaya gare shi: Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, Bauci, Bida, Ilori, Yola, Maiduguri da sauransu. A samansu akwai Kwalejin Katsina, wadda ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. A 1949 aka ƙara ta Keffi. Wajen tsakiyar shekarun 1950 aka ɗaga Midil suka zama sakandaren lardi, kuma da yawa cikinsu suna nan da sababbin sunaye: ta Kano ita ce Rumfa, ta Zariya ita ce Alhudahuda. Shehu Shagari, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya yi karatu a Midil ta Sakkwato, ya dawo ya koyar a cikinta, sa'an nan ya riƙe makarantar Argungu.

Yanzu fa a duba tsanin da ke gaban yaron Illo ko Ka'oje a wancan zamani. Da fari sai an ɗauke shi elementare, alhali iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi idan hakimi ya aiko neman yara. In ya shiga ya gama, sai ya ci jarrabawa, ya kasance cikin 'yan kaɗan da za su wuce gaba. Ya ƙetare Kwara da jirgin kwalekwale, ya kama hanyar Birnin Kebbi, daga can zuwa Sakkwato kusan mil 100 ne. A Midil zai iske yaran Sakkwato da Argungu da Yawuri, gama masarautu huɗu ne a lardin. Sai ya tsere wa 'yan gidansu, ya tsere wa sauran gidaje, kafin a sa shi cikin waɗanda za su tsaya wa makaranta. Sai makarantarsa ta kara da na sauran larduna, kafin a zaɓe shi ya tsaya wa Arewa. Kowane mataki ƙofa ce ƙunci. Saurayi nawa ne mai gudu kamar barewa ya tsufa yana kiwo a dajin Ka'oje ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo?

Wanda ya san aikin ofishin En'e ya san kuma cewa gasa ba ta tafiya da ƙafar yara kaɗai. Makarantun Midil a hannun En'e suke, daga Baitulmali ake ciyar da ɗalibai, a yi musu tufafi, a ba su sabulu da ɗan kuɗin kashewa. Kafin a kai 'yan wasa wani lardi sai an sami mota, da kuɗin mai, da guzurin hanya, da malamin rakiya, kuma kowanne sai an rubuta shi cikin kasafin shekara tun kafin shekarar ta kama. Ma'aji ba ya fid da kwabo don an ce yara suna da gudu. Ga kuma hanya: Lardin Sakkwato bai ga jirgin ƙasa ba sai a gefensa na gabas, Gusau da Ƙaura Namoda, inda dogo ya tsaya a 1929. Da damina hanyoyin ƙasa sukan yanke. Shi ya sa aka fi yin manyan wasanni da rani, kuma makarantun da ke kan dogo, kamar na Kano da Zariya da Kaduna, suka fi samun haɗuwa da juna.

Duk da ƙuncin ƙofar, waɗanda suka shige ta sun sami abin da ya fi kofi. Ɗan Gwandu ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Barno, ya miƙa wa ɗan Bida sanda a gudun miƙa sanda, ya san wanda ke fushi in an ci shi da wanda ke dariya. Da aka zo kafa majalisu da ma'aikatu a Kaduna cikin shekarun 1950, mutanen da suka zauna kan kujerun galibi sun riga sun san juna tun daga fili. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi zamani ɗaya a Katsina, gama Abubakar ya shiga a 1928. Wannan sanayya ta sauƙaƙa mulki ƙwarai. Ta kuma ƙuntata shi, don wanda bai taka wannan fili ba da wuya a kira shi.

A ƙetaren iyaka kuwa wani tsani ne dabam, ya jingina da wani bango. Yaron Madekali, wanda tsakaninsa da Lolo 'yar tafiya ce, da Faransanci ya yi karatu. Bikinsa na shekara ran 14 ga watan Yuli ne, ranar Faransa. Fuskarsa tana kallon Kandi da Paraku, sa'an nan Porto Nobo can bakin teku, wanda ya yi fice ƙwarai kuma a kai shi makarantar William Ponty a Senegal. Ko ma'aunin bai zama ɗaya ba. Namu suna gudun yadi 100, nasu suna gudun mita 100, yadi 100 kuwa bai kai mita 92 ba. Da a ce wani ya ɗauko littafin makarantar nan da na can ya gwada, ba zai iya cewa ga wanda ya fi gudu ba, sai cikin shekarun 1970 da Nijeriya ta koma awo da mita. Ga yara biyu, watakila kakarsu ɗaya, suna haɗuwa a kasuwar Lolo ko ta Malanbil, suna kokawa a dandali ɗaya da kaka, amma a gasar makaranta ɗaya ya nufi Ikko, ɗaya ya nufi Dakar, sun ba juna baya.

Bayan samun mulkin kai a 1960 taswirar ta yi ta sakewa, abokan gasa suna sakewa tare da ita. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi 6 a madadinta, Lardin Sakkwato da na Neja suka zama Jihar Arewa maso Yamma. Ɗan Gwandu ya sami kansa ƙungiya ɗaya da ɗan Bida da ɗan Minna, ɗan Kano da ɗan Katsina kuwa suka zama abokan hamayya daga wata jiha. A 1976 aka raba, Neja ta tafi, aka bar Jihar Sakkwato. Ran 27 ga watan Agusta 1991 aka fid da Jihar Kebbi, da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Sakkwato, wadda shekara da shekaru ita ce ƙololuwar da yaron Illo ke hange, ta koma maƙwabciya, Birnin Kebbi ta zama matattara. Kwalejojin Gwamnatin Tarayya, irin ta Sakkwato da aka buɗe a 1966 da ta Birnin Yawuri, suna da tasu gasar tsakaninsu, ba su cika haɗa fili da makarantun jiha ba.

A 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Gowon ta fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko, don jihohi 12 su haɗu a fili maimakon fagen fama. 'Yan makaranta su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin jihohi. A 1976 kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa, bayan 'yan shekaru dole aka yi ta buɗe sakandare a garuruwan hakimai. Aka yi gada a kan Kwara a Tuga. Yaron Illo ya daina bukatar barin ƙasarsu kafin ya ga sakandare, kuma wannan alheri ne wanda ba mai musunsa.

Sai dai a ganina wasa bai ci ribar wannan yalwa kamar yadda karatu ya ci ba. Tsohuwar gasa a kan makarantar kwana aka gina ta, inda yaro ke hannun malami dare da rana, la'asar kuma ba shi da wani aiki sai fili. Yawancin sababbin makarantun na jeka-ka-dawo ne. Ana tashi, yaro ya nufi gona ko kasuwa ko bakin kogi, da yamma kuma ga makarantar allo ko Islamiyya. Gasar gida da gida ta rayu, don rana ɗaya ce a shekara, kuma akan sami mai hali a gari ya ɗauki nauyin gida a sa masa sunansa. Amma fita zuwa wata makaranta, daga nan zuwa shiyya, daga shiyya zuwa jiha, wannan yana bukatar abin da Ma'aji ke rubutawa a dā, watau kuɗin da aka ware tun farkon shekara, ba wanda za a je roƙo ana saura kwana uku ba. Matsalar tsaro ta ƙara nauyi. Bayan harin da aka kai kwalejin Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai, ba kowane uba ne zai yarda a sa ɗansa a mota a yi doguwar tafiya da shi saboda gudu ba.

'Yan mata sun makara shiga. An buɗe musu makarantu a Kano da Katsina a 1930, na Sakkwato da Birnin Kebbi suka biyo baya cikin shekarun nan, amma wasansu a cikin katanga ya tsaya. Daga baya aka yi musu Kofin Uwargida Manuwa, takwaran Garkuwar Hussey.

Wani abin lura shi ne wasannin gargajiya, waɗanda makarantar farko ta bari a bakin ƙofa, sun dawo sun sami littafi su ma. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 don karɓar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ya haɗa da kokawa da dambe da tseren jirage. Ƙasar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda jihohinta ke neman takobi, kuma mutanen bakin iyaka suna bin labarinta a rediyo kamar tasu. A Nijeriya ma an shigar da kokawa da dambe da langa cikin Bikin Wasanni na Ƙasa.

A 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta fara gasar makarantu ta nahiya, ta maza da ta mata, aka yi wasan ƙarshe na farko a Durban ta Afirka ta Kudu a 2023. A tsarinta an raba Afirka shiyya shiyya, Nijeriya da Benin da Nijar suka faɗa shiyya ɗaya tare da Gana da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa. Wannan ya buɗe hanyar da yaron Lolo da yaron Madekali za su iya tsayawa fili ɗaya da rigar makaranta, amma sai kowannensu ya fara fitowa zakara a ƙasarsa tukuna, ɗaya ta Birnin Kebbi da Abuja, ɗaya ta Kandi da Kwatano.